Koyil Ɗin Okada a Tsakiyar Ruwan Apapa

Agege, Legas.

Zuwa ga ɗana Babangida,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, irin wadda ban saba yi maka da baki ba. Allah ya kai ka Badagry lafiya, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya tsare ka daga sharrin tudu da na ruwa, wanda ido ke gani da wanda ba ya gani. Amin.

Na san za ka yi mamakin samun wasiƙa daga mutumin da ƙofar ɗakinsa ke kallon taka. Kai ɗan fari ne, kuma sunan mahaifina ka ci. Tun da aka haife ka ban taɓa kiran sunanka na yanka ba, ban kuma taɓa zaunar da kai mun yi doguwar hira ba. Haka na tarar ana yi a garinmu, haka na ɗauko abina na kawo Legas. Duk maganar da ke tsakaninmu mahaifiyarka ce ke kaiwa ta komo da amsa, kuma na daɗe da lura tana rage wani abu a hanya ta ƙara wani. Wannan maganar ba na son a rage mata komai.

Ranar da ta gaya mini ogan da ya koya maka aiki zai damƙa maka jirgin ruwa mai inji, ka riƙa ɗaukar mutane da kaya a ruwan Badagry, na ce ba da yawuna ba. Na faɗa da ƙarfi don ka ji daga ɗakinka, kuma ka ji. Tun daga ranar tuwonka ke dawowa rabi. Jakarka na ɗaure, ogan na jira, za ka tafi ba ka san ko ubanka ya sa maka albarka ko bai sa ba. Ba na son ka hau ruwa da wannan nauyin a ƙirji. Amma kafin mu zo nan, sai ka yi haƙuri ka ji yadda aka yi mutumin da ko kwata ba ya iya tsallakewa sai ya yi bismilla ya zama Kyaftin a Agege.

Ka sha jin labarin a majalisa, kowa da irin nasa gishirin. Wani ya ce kada ne ya biyo mu, wani ya ce na yi kuka ina kiran uwata. Babu kada. Sauran kuma ga yadda aka yi.

A lokacin okada na yawo ko'ina a Legas ba mai hana ta, ni kuma ina da rumfar gyara a gefen layin dogo, kai kana rarrafe. Hannuna na da kyau, ba yabon kai ba. Babur ya taho daga nesa, da kukansa kawai nake sanin abin da ke damunsa. Ana gab da Babbar Sallah sai ga Alhaji Mudi, dillalin raguna na nan zango, Allah ya jiƙansa. Wani ya kitsa masa cewa a tsibiran da ke bayan Apapa akwai Musulmi da yawa, mota ba ta zuwa wurinsu, duk shekara sai sun haye ruwa su sayi rago su komo da shi. Alhaji ya ga in ya kai musu har ƙofar gida ya gama da kasuwa. Ya sayi tsohon jirgi da tsohon inji, injin kuwa ya ce bai san zancen ba.

Ya ce, "Sule, ka taɓa gyara injin jirgin ruwa?"

Na ce, "Haba Alhaji. Inji ai inji ne. Mai yake sha, wuta yake so, hayaƙi yake fitarwa. A kawo shi."

Ban taɓa ganin cikin injin jirgi ba ko a mafarki. Amma 'yan okada na zaune a kan benci suna saurare, kuma mutumin da aka saba cewa babu abin da ya gagare shi, kalmar "ban sani ba" nauyi take masa a baki. To, ɗana, ka koya wa bakinka ita tun da wuri. Ka faɗe ta a gaban oganka, ka faɗe ta a gaban fasinja. Kunyarta ba ta wuce yini guda. Tawa kunyar ga shi har ka yi gemu ana kirana da ita.

Aka kawo injin a bayan a-kori-kura. Na buɗe murfi, na zare fulogi, na ja igiya, babu wuta. A nan dai ban yi kuskure ba: koyil ɗinsa guda biyu, wato waɗanda ke tara wuta su aika wa fulogi, duk sun mutu. Na tafi kasuwar kayan gyara wurin Emeka, wanda na saba saye a hannunsa. Ya shiga can ƙuryar shago ya fito da na jirgin ruwa, baƙi, mai nauyi, an tsiyaye cikinsa da wani irin danƙo mai tauri. Da ya faɗi kuɗinsa sai da na nemi wurin zama. Na miƙa hannu na ɗauko na okada guda biyu a kan kanta, na ce waɗannan ma ai wuta suke bayarwa.

Ya ce, "Oga Sule, wannan na okada ne. E no go last. Zafi zai kashe shi a kan ruwa."

Na yi dariya har na riƙe ciki. Na ce, "Zafi? A cikin ruwa? Emeka, kai kasuwanci ka sani, ka bar mana inji."

Ka ga irin lissafin ɗan tudu. Mu a garinmu in ana son abu ya yi sanyi ruwa ake sa shi. Kankana a ruwa, fura a gindin randa. Injin da jelarsa ke cikin ruwa yini guda, ta ina zafi zai same shi? Abin da ban duba ba shi ne, jelar ce kawai a ruwa. Kan injin yana sama, an kifa masa murfi, rana na dukan murfin, wuta na ci a ƙarƙashinsa, koyil kuma na nan maƙale a tsakiya ba ta inda iska za ta shafe shi. Na okada gata gare shi. Babur na gudu iska na yi masa fifita, a tsaya a go-sulo ya huta, a tsaya ciniki da fasinja ya huta, ɗan sanda ya tare ku ya yi dogon hutu. A kan ruwa babu mai tare ka. Tun da ka murɗa, haka injin zai yi ta ihu har ka kai.

Cikin koyil waya ce siririya, ba ta kai kaurin gashin kai ba, an naɗe ta an kuma naɗewa. In zafi ya yi yawa sai ta saki a wani wuri, wuta ta ɗauke. In ta huce sai ta koma ta haɗe kamar ba ita ba. Shi ya sa koyil marar kyau da safe mutumin kirki ne, halinsa sai da rana yake fitowa.

Saboda haka in za ka saya, ka tafi da tsohon a hannunka, ka haɗa lambar da ke jikinsa da ta sabon, kada wani ya ce maka ai ƙanensa ne. Ka ɗora shi a tafin hannu ka ji nauyinsa, don na jabu an yi masa rowar waya, sakayau za ka ji shi. Ka fito da shi daga duhun shago zuwa hasken rana ka juya shi. In ka ga danƙon da kumfa-kumfa, ko wata 'yar tsaga ko da kamar zare ce, ka ajiye musu abinsu, ta nan gishiri zai shiga. Robar da ke kama kan fulogi ta kama gam, har sai ka sa ƙarfi kafin ta fita. Ka tambaya kai tsaye ko an yi shi don jure zafin da ke ƙarƙashin murfi ne. In kuma mai shago da kansa ya ce maka wannan ba zai yi ba, ka saurare shi. Mutumin da ya zo kasuwa don ya sayar, ya kuma ce kada ka saya, ya san abin da ya gani.

Na dawo na ɗaura koyil ɗin okada, na ƙara waya a inda ta gaza, na naɗe da tef. Washegari da safe, an kwana ana ruwa gari ya yi sanyi, muka cika duro da ruwa a bayan rumfa muka tsoma jelar injin. Jama'a sun taru, har mai shayi ya baro tebur. Na tofa bismilla na ja igiya sau ɗaya, injin ya ɗauka. Ruwa ya yi ta tsalle daga duro, 'yan okada suka ɗau tafi, Alhaji Mudi ya ɗaga hannuna sama kamar na kayar da wani a dambe. Ni kuma na yi maza na kashe injin tun tafin bai ƙare ba, don na fi son a watse ana yabona.

Kada ka yi irin wannan gwajin. Ka mayar da murfi ka rufe, ka bar injin ya yi ta aiki har ya yi zafin da ba za ka iya ɗora hannu ba, har 'yan kallo su gaji su kama gabansu. Sannan ka kashe, ka sake ja. In ya tashi da zafinsa, to ka fara yarda da shi. Ka kuma sa ido a kan ɗan ruwan nan da yake tsartarwa ta baya, wanda kuke cewa fitsarin inji. In ya daina fitsari, ruwan sanyaya shi ba ya zagayawa, kuma koyil ko na wace ƙasa ne dahuwa zai yi.

Ranar tafiya Alhaji ya ce sai na bi su, ko da wani abu zai taso. Na so in zille, amma mutumin da aka ɗaga hannunsa jiya ba ya cewa yana tsoro yau. Direbanmu wani ne Isa Ɗanyawuri, ɗan dako a kasuwar Mile 12. Alhaji ya ɗauke shi ne saboda sunan kawai, wai mutanen Yawuri a cikin ruwa ake haifarsu. Muka loda raguna a bakin ruwan da ke bayan Apapa har ba wurin miƙe ƙafa. Wani mai jirgi ya ce ina rigunanmu na ruwa masu hana nitsewa, Alhaji ya ce wurin da za su ci ya isa rago guda.

Farkon tafiyar ba laifi. Iska na kaɗawa, injin na kuka mai daɗi, na karkata hula ina kallon manyan jirage kamar na ubana ne. Isa na riƙe da hannun injin yana ɗan kwane-kwane, ni na ɗauka gwaninta ce. Rana ta take tsaka, mun yi nisa, tudun da muka baro ya zama siriri. Sai injin ya yi tari. Ya sake yi. Daga nan ya koma ɗingishi, koyil ɗaya ya ɗauke wuta, ɗayan na ja shi kaɗai. Tafiya ta ragu, amma muna tafiya. Tsibirin ma ga shi can, har ina hango shanyar mata a kan igiya.

Na ce, "Isa, faka gefe in duba."

Ya waiwaya dama, ya waiwaya hagu. Ya ce, "Wane gefen, Oga Sule?"

Haushi ya kama ni, na miƙa hannu na kashe injin da kaina. Wannan shi ne babban kuskurena a ranar, duk da cewa ba shi ake ba da labari ba. Da na bar shi da ɗingishinsa da ya kai mu. Ɗana, injin da ke numfashi a tsakiyar ruwa, ko yaya yake numfashin, kada ka kashe shi. Ka rage masa wuta, ka lallaɓa shi, ka nufi tudu mafi kusa ko da ba can za ka ba. Gyara a bakin ruwa ake yi.

Injin na yin shiru sai ruwa ya karɓi tuƙi. Jirgin ya juya a hankali, ya karkata, raguna suka zube gefe guda. To, ka san duk wanda ya yi shekaru a kan babur, in abin hawa ya tsaya ya karkata, jikinsa ba ya shawara da shi. Ƙafata ta hagu ta fita da kanta za ta taka ƙasa. Wallahi ban aike ta ba. Sai ji na yi na zurma har cinya, hula ta yi gaba, Alhaji ya cafko wuyan rigata ta baya yana salati. Da aka jawo ni ciki babu takalmi ɗaya. Muna kallo ya kama hanyar teku shi kaɗai, kuma cikinmu shi ne kawai ya san inda za shi.

Alhaji ya ce, "Isa, ɗauko filafili ka tuƙa mu!"

Babu filafili a jirgin, ba wanda ya tuna da shi.

Ya ce, "To faɗa ruwa ka ja mu da igiya, ai kusa ne."

Isa ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Gaskiya Alhaji, a goye aka baro Yawuri da ni. A Gusau na girma."

Mu uku ke nan, gemai-gemai, ba wanda ya iya ruwa, sai ragunan da ba mu tambaya ba. Ka san wanda kake hawa ruwa da shi, Babangida. Sunan gari ba ya iyo. Filafili, anga mai tsayar da jirgi, rigar ruwa, ka duba su da idonka kullum kafin ka kwance igiya. In mai kaya ya ce sun cinye wuri, ka sauke kayansa, kada ka sauke su.

Na ce kowa ya kwantar da hankalinsa, bakanike na nan. Na ɗaga murfi, zafi ya bugi fuskata kamar na leƙa tanderun burodi. Na taɓa koyil, na janye hannu ina yarfewa. A rumfa in na okada ya yi haka, fiya wata muke fasawa mu tsiyaya masa, ya huce, mai babur ya kama hanya. Namu ruwan mun shanye tun a hanya. Na duba, ga ruwa iya ganinka, kyauta. Na ɗauki robar kwalfe jirgi na kamfato na sheƙa musu. Suka yi wata ƙara, tururi ya tashi, sai na ji ƙas, na sake jin ƙas. Duka biyun sun tsage, har da wanda bai yi laifin komai ba.

Ban haƙura ba. Na kama kan wayar fulogi da jiƙaƙƙen hannu na ce Isa ya ja igiya in ga ko da sauran wuta. Akwai saura kuwa. Ta bi ta tsagar ta shiga hannuna ta fita ta haƙorana. Na yi wata ƙara da ban san ina da ita ba, na yi baya na faɗa kan babban ragon Alhaji, shi kuma ya ja da baya ya rama. Maganar da ake yi cewa na kira uwata, a nan ne, kuma ban musa ba.

In koyil ya yi zafi, ka buɗe murfi, ka yi masa inuwa da rigarka, ka jira. Haƙuri kawai yake so. Ruwan gishiri kuwa ko ɗigo kada ya taɓa shi. Ka kuma riƙa tafiya da na ko-ta-kwana a ƙulle cikin leda, tare da fulogi da sifana, a wurin da ba ya jiƙewa.

Daga nan dariya ta ƙare. Ruwa na janyewa zuwa teku, yana tafiya da mu ta hanyar da manyan jirage ke bi. Can sai ga wani ya taho, tsayinsa ya fi benen da ka sani duka a Agege, ya danna wani oda da na ji har cikin hanjina. Mu a wurinsa ko tsinke ba mu kai ba. Na ji tsoro, ɗana, tsoron da ban taɓa ji ba kuma ban sake ji ba sai ranar da aka ce za ka hau ruwa. Ba mutuwar ce ta fi tsaya mini ba. Kai na tuna. Da safiyar ranar ka rarrafo ka kama ƙafar wandona, ni kuma saboda kunyar ɗan fari a gaban mutane na zare ƙafata na wuce ban ɗauke ka ba. Na ce shi ke nan, yaron nan zai girma bai san ko ubansa na son sa ba.

Na ɗaga hannu na ce, "Wallahi tallahi, in Allah ya fitar da ni daga nan, ba ni ba jirgin ruwa har abada!"

Alhaji Mudi ya ce shi ma in an fita zai yi sadaka da rago. Ya dubi ragunan, ya ƙara da cewa ƙaramin.

Allah ya turo mana wata mata mai sayar da kifi, Bayarabiya, da goyo a bayanta, tana tuƙa ɗan jirginta da hannu ɗaya. Ta zagayo ta jefo mana igiya, ta ja mu muka fita daga hanyar babban jirgin, igiyar ruwansa ta ɗaga mu ta sauke. Sai da muka natsu ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta dubi raguna, ta dubi koyil ɗin okada da tef ɗinsa na reto. Ta yi tambaya da Yarabanci, wai wane ne kyaftin a cikinmu. Alhaji da Isa, ba tare da sun haɗa ido ba, suka nuna ni.

Ta yi dariya har goyonta ya farka. Da muka kai tudu Alhaji ya jawo ƙaramin rago zai cika alkawari, ta ture shi ta kama ƙahon babban, wanda ya tunkuye ni. Ban taɓa jin daɗin asarar wani ba sai ranar. Kafin in iso Agege da takalmi ɗaya, sunan ya riga ni isowa. Mahaifiyarka ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, "Sannu da zuwa, Kyaftin. Ɗayan takalmin yana can yana gadin jirgin ne?"

Na riƙe rantsuwata. Ko gadar da ta ratsa ruwa za a hau, tsakiyar motar danfo nake zama in rufe ido. Sai ga shi kai ka taso kana jin ana kiran ubanka Kyaftin, ka ɗauka da gaske ne. Da damina kana naɗe takarda kana sakawa a kwata, kana gaya wa yara jirgin babanka ya fi wannan. Ina ji daga rumfa, ban gyara maka ba, don daɗi nake ji. Ka ga ashe da hannuna a son ruwan nan da kake yi.

Kuma kai ba irina ba ne. Ka yi shekaru a ƙarƙashin oga, ka iya iyo, ka san lokacin da ruwa ke cika da lokacin da yake janyewa, kana jin yaren mutanen bakin ruwa kamar a can aka yanke maka cibiya. Da na ce ba da yawuna ba, ba aibunka na gani ba. Tsorona ne na ɗauko tun na wancan yinin na ɗora maka, kuma ba kayanka ba ne.

Yanzu ka buɗe jakarka ta gefen da mahaifiyarka ta sa yaji da ƙuli-ƙuli. Za ka ga ƙullin tsohon rawanina. Koyil biyu ne a ciki, na jirgin ruwa na ainihi, lambarsu ɗaya da ta injinka, don na sa an tambayo mini oganka. Ya ce na jikin injin sun tsufa, dama yana shirin canja su. Wurin Emeka na koma. Ya yi furfura, amma yana ganina ya ce, "Kyaftin! Na okada za a kawo?" Na ce ya kawo wancan na ƙurya, kuma ban nemi wurin zama ba.

Ban yarda da su haka nan ba. Ka san yashin da mahaifiyarka ke soya gyaɗar sayarwa da shi. Ta sauke kasko ta shiga salla, na lallaɓa na binne su a ciki. Da suka yi zafin da sai da tsumma ake ɗauka, na ruga rumfa na gwada, wuta shuɗiya tas, har tana ƙara. Na maimaita washegari, a nan ta kama ni ina tono da ludayinta. Ta ce ta auri bakanike ta haƙura, ta auri Kyaftin ta haƙura, amma ranar da mai saye ya tauna ƙarfe a cikin gyaɗarta, ni zan fita in yi bayani. In ka ji suna ƙanshin gyaɗa, dalilin ke nan.

Sai dai yashi ba ruwa ba ne. Gwajin gaskiya sai an ɗaura su, an rufe murfi, an ɗora wa jirgi nauyi, an yi nisa da tsakar rana. Kuma ba na son a yi wannan gwajin da matan mutane da 'ya'yansu a ciki, ba na kuma son a yi shi kana kai kaɗai. Ni na zaɓo su. In za su ba da kunya, su ba da ita ina wurin.

Na je wurin liman na tambaye shi hukuncin wanda ya rantse ba zai yi abu ba, daga baya ya ga yin ya fi alheri. Ya ce ya yi kaffara ya aikata. Shinkafar da ka ga ana rabo a ƙofar gida ranar Juma'a, har mahaifiyarka na tambaya ko wani ne ya rasu ba a gaya mata ba, ta kaffarar ce. Na riga na biya.

Saboda haka ranar da ka ɗaura su, kada ka ɗauki fasinja. Ka aiko a gaya mini, zan hau mota in zo Badagry. Ni ne nauyin da za ka gwada jirginka da shi. Zan zauna inda ka ce in zauna, ba zan taɓa injin ba ko ya yi tari, ba kuma zan ce ka faka gefe ba. In ka ga na rufe ido, ka ƙyale ni, kai dai ka yi tuƙinka. Ka tanadar mini rigar ruwa mai maɗauri uku. Takalma kuwa a bakin ruwa zan bar su, duka biyun.

Na yarda ka tafi, ɗana, da yawuna, da zuciya ɗaya. Abin da ban yi ba ranar da ka kama ƙafar wandona, shi nake yi yanzu, sai dai ka yi girman da ba ka ɗaukuwa, don haka kai za ka ɗauke ni.

Allah ya yi maka albarka. Allah ya sa ka fita lafiya ka komo lafiya, kai da duk wanda ya ba ka amanar ransa. Ya kwantar maka da ruwa, ya sanyaya maka inji, ya kai ka tudu kowace rana kafin hankalin mahaifiyarka ya tashi. Ka riƙe salla a kan lokacinta. Ka gaishe da oganka da kyau. Wassalamu alaikum.

Ni ne mahaifinka,
Sule bakanike, wanda Agege ke kira Kyaftin.